Takardar Malama Hadassah

Litinin, 2 ga Yuni, 2025
Zuwa ga manyan Abuja masu iko da ɗakunan karatu na ƙasa. Ni ne Sylvanus Tagwai, shugaban ajin manya na laburaren Kakau. Bayan gaisuwa gwargwadon matsayinku, kun yi abin kunya. Wannan ba wasiƙa ba ce tukuna, gwaji nake yi a littafina.

Yau mai babur ya kawo takarda mai hatimi, Malama Hadassah mai laburarenmu tana jinyar mahaifiyarta a Narayi. Ni na sa hannu, da cikakken sunana, ba dangwale ba. Na buɗe, domin ni ne babba a wurin. Turanci ne, amma na gane sunanta, na gane Abuja, na gane kwamiti. Na san kwamiti. Gaban kwamiti aka kira ni a kamfani a Kudenda ranar da aka sallame ni.

Laraba, 4 ga Yuni
Littattafan da ruwa ya lalata bara za su tuhume ta a kai. Wanne cikinsu ya taɓa zuwa ya ga rufin laburaren? Matar da ta yi ta kai littattafai ƙauyuka a kwando, ta koya mini rubutu ina da shekara hamsin da bakwai. Na ɓoye takardar cikin Baibul ɗina.

Lahadi, 8 ga Yuni
Bayan sujada na nuna wa Benson, tsohon akawu. Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ciyaman, ai girma ne. Za ta zauna cikin masu tsara wa laburaren ƙasa duka doka. Amma ta amsa kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani." Wai da ido ɗaya nake karanta Turanci. Ban ga abin dariya ba.

Litinin, 9 ga Yuni
Ashe ɗauke ta za su yi. Wannan ya fi na farko muni.

Talata, 10 ga Yuni
Ta dawo. "Baba Sylvanus, babu saƙona?" Na ce saƙo iri-iri ne. Wannan ba ƙarya ba ce. Ta duba aikina, ta sa wa ƙ lanƙwasa a wurare uku. Abuja cike take da masu digiri. Mu goma sha ɗaya ne a aji, Sunday ma har yanzu yana juya b ta koma d. In na yi shiru kwana uku, magana ta mutu.

Alhamis, 12 ga Yuni
Na kai mata takardar a gaban aji. Ba don na huce ba, ban huce ba. Ta karanta sau biyu. "Tun yaushe?" Na ce kwana goma. Irin kallon da ta yi mini, gara a ce ta zage ni. Cewa ta yi ba ta san yadda za ta bar aji ba. Sai na ji bakina yana cewa ta amsa musu yau, ajin Asabar ni zan riƙe. Saboda Sunday ne kawai.

Ta aika amsar ta waya da ƙarfe biyu da rabi, kuma ta ba ni alli. An yi wannan a gaban Benson, da Sunday, da Mama Emma mai ƙosai, da Wilson makaniki.