Nkechi, Har Yanzu Ban Sa Ki A Garin Ba

Zuwa ga ƙawata Nkechi,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, in Allah ya ba ki su. Ni ce Rahila, wadda kuka yi aikin taifin tare a shagon Oga Bulus, kan hanyar tashar jirgi a Kafanchan. Ba ni da lambarki, ban ma san sunan da kike amsawa yanzu ba. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko wani zai kai miki labari.

Kin tuna kwamfutarmu guda ɗaya tilo, wadda muke lulluɓe ta da zane kamar jaririya? Da safe aikin ɗaliban kwaleji ne da katin aure. Da rana, in Oga ya hau babur ya tafi gonarsa ta citta a Zonkwa, sai mu buɗe wasan nan da ƙaninsa ya kawo daga Kaduna. Za a ba ka 'yan mutane ƙanana a tsakiyar duhu, su sare itace, su yi noma, su gina gidaje har gari ya tashi, sannan ka tara sojoji ka je ka rushe garin wani. Ke kike riƙe maus, ni kibod, don yatsuna sun fi naki sauri, ko da yake har kika tafi ba ki yarda ba.

Yaƙin kam ba mu taɓa zuwa ba. Katanga muka yi ta ginawa, da gonaki. Ƙanin Oga ya yi mana dariya har ya gaji, wai mun mai da wasan maza wasan 'yar tsana. Sai kika ce masa, "Wuta da mun gani a garin nan ya ishe ni. Ba zan ƙona gidan mutum ba, ko na kwamfuta ne." Tun daga ranar ya daina yi mana dariya.

A lokacin jirgi ya rage zuwa, aikin reluwe ya ja baya. Kwatas ɗinku na ma'aikatan reluwe ya fara zama kango, yau wannan gida ya loda kaya a mota ya nufi gabas, gobe wancan. Ranar da Papa Emeka ya tafi, kika shigo shago ido ja, kika ce in danna a fito da mutum ɗaya. Da ya fito kika ce, "To, ga Papa Emeka nan." Kika tura shi sarar itace, tunda dama kafinta ne.

Shi ke nan ya zame mana al'ada. Duk wanda ya bar Kafanchan, sai ya shigo garinmu. Mama Chidi mai sayar da okpa, alalen gurjiyar nan naku, a tasha, tana can wajen tsinkar 'ya'yan itace. Shugaban kwayar cocinku kuwa ba ki ba shi aikin komai ba, kika bar shi tsaye a tsakiyar gari, wai haka yake a zahiri ma. Duk kamanninsu ɗaya ne a idona, amma ke ba ki taɓa rikita su ba.

Ranar da zaki ya cinye Mama Chidi, ihun da kika yi sai da tela na maƙwabta ya shigo da almakashi a hannu. Muka koma inda muka adana wasan, ta tashi lafiya lau, muka yi ta dariya har da hawaye. Dokarki ke nan: a garin nan ba wanda zai mutu, ba wanda zai tafi.

Sai layi ya zo kanku. Na raka ki tashar mota da ƙullin acca da mamana ta ba ki. Kika leƙo ta taga kika ce, "Rahila, kar ka sa ni a ciki fa! Ni ba tafiya na yi ba, zan dawo Kirsimeti." Na ce na ji.

Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Na gwada wasan ni kaɗai, hannu ɗaya a maus, ɗaya a kibod. Abokan gaba suka fasa katanga ta wajen gonaki, ina ji ina gani suka bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, har da shugaban kwaya da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na koma baya na tashe su, amma ba wanda zan yi dariyar da shi. Na lulluɓe kwamfutar na zauna ina kallon titi. Kaɗaici ne ya kama ni a ranar, Nkechi, irin wanda ban sani ba ko da ina ƙarama. Bayan wasu shekaru kwamfutar ta mutu, garin ya tafi tare da ita.

Abin da ya tayar mini da maganar nan, 'yata Godiya ce ta zo hutu da kwamfutarta ta hannu. Ashe wasan yana nan da ransa. An yi masa kwalliya, har ganyen itatuwa na motsi, wai mutane a ƙasashe daban-daban suna bugawa da waɗanda ba su taɓa gani ba. Ta sa mini, ta koya mini riƙe maus tana yi mini tsiya. Kafin in ankara na fara kiran sunaye. Papa Emeka ya koma bakin itacensa. Na sa mamana a gona, na sa Oga Bulus. Na sa maigidana Danladi, wanda ba ki sani ba, mutumin kirki ne, da kun shirya. Gari ya cika da mutanena, gidan da nake zaune kuwa ni kaɗai ce in Godiya ta koma.

Akwai gona ɗaya kusa da ta mamana da na bari babu kowa. Godiya ta ce ɓarnar itace ce, tunda da itace ake yin gona a wasan.

Na riƙe alkawari, ƙawata, amma na fara gajiya. Gashina ya yi fari, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. In kina raye, ki turo ko da kalma ɗaya ce, ba zan tambaye ki dalilin shirun ba. In kuma ba za ki dawo ba, ki sake ni daga maganar nan, in fito da ke in sa ki a gonar. Ko ba komai, zan riƙa ganinki da rana.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. In kina wani gari, ya ba ki maƙwabta masu sonki. In kuma ya riga ya kira ki gida, ya sa wani ya ji tausayina ya gaya mini.

Taki da ke jira har yanzu,
Rahila