Jirgin da ke Bangon Shagon Ernest

Kakuri, 29 Disamba, 1986

Yaya Judith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Baba Albert. Abin kunya ne a ce tsakanin Kakuri da Nasarawa, unguwa da unguwa a gari ɗaya, sai da wasiƙa, amma tunda kin ce kada in tako ƙofarki, ga ta nan a hannun Isiyaku direba.

Ki faɗa mini laifina, don ni ban gan shi ba. Matata Irene ta ja 'yarmu Celina ranar Kirsimeti ta tafi gidanki, kin buɗe mata ɗaki, ko ki tambayi ƙanenki me ya faru.

To ga abin da ya faru. Kin san ni da jirgin sama tun muna yara. A watan Oktoba na je Gabas, gidan tarihin da suka tara kayan yaƙin basasa. Na tarar ana gyaran wani tsohon jirgin yaƙi, ana kankare masa tsatsa, ana liƙe fukafukai, ana yi masa sabon fenti. Yaya, aiki ne mai kyau. Na yini a ƙarƙashinsa har fim ɗina ya ƙare. Da na dawo sai na ba mai zane hoton da ya fi fita, ya zana mini shi a bangon shago, inda mutane ke tsayawa a ɗauke su hoto. Duk masu hoto a Kakuri bangonsu fure ne da gidan bene, nawa kaɗai ke da jirgi. Samarin masaƙa har layi suke yi.

Irene ba ta leƙo shagon ba sai ranar nan, da ta kawo mini abinci. Ta tarar na tsayar da Celina a gaban jirgin da sabuwar rigarta, tana sara mini irin ta soja. Ta fizgi hannun yarinya, ta banke kyamarata har gilashin ya tsage, a gaban jama'a. Da wace fuska zan kalli mutanen nan?

Ki gaya mata ta dawo ta ba ni haƙuri, magana ta ƙare.

Ƙanenki,
Ernest

Nasarawa, 31 Disamba, 1986

Ernest,

Mun karɓi gaisuwarka, muna lafiya, sai godiya. Albert ya ce in rubuta maka da sanyi. Ba zan iya ba.

Haƙuri kake jira? Kai da ka kamata ka zo da rarrafe?

Ka zauna da mace tun kafin a haifi Celina, ka san daga Gabas take, ka san yaƙin nan a kansu aka yi shi. Ka taɓa lura cewa duk lokacin da jirgin sojoji ya wuce ta kan unguwarku, tana barin tukunya a wuta ta shige ɗaki? Ka lura mana. A gabana ka yi mata dariya ka kira ta matsoraciya. Ka taɓa tambayarta me ya sa ta nace a sa wa yarinyar nan suna Celina, alhali ba mu da mai sunan a dangi?

Jiya muna gyaran wake ta faɗa mini. Ƙanwarta ce Celina. A lokacin yaƙi uwarsu ta aike su kasuwa su sayar da gari, jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa har Irene ta ga cikinsa. Ita ta faɗa kwalbati. Ƙanwar ba ta kai ba. Da zanin uwarsu aka naɗe ta.

Shi ne kai ka je ka kwanta a ƙarƙashin irinsa kana yaba fenti, ka kwaso shi tun daga can ka liƙa a bango, ka ɗauki wata Celinar ka tsayar a gabansa da kayan Kirsimeti. Kana mini kukan gilashi. Da ni ce, da shagon gaba ɗaya zan kife.

Tana nan wurina, kuma ba zan ce mata ta koma ba. Allah ya ba ka hankali a sabuwar shekara.

Yayarka,
Judith

Kakuri, 4 Janairu, 1987

Yaya,

Barka da sabuwar shekara, ki gaida Baba Albert.

Na karanta, kuma raina ya ƙara ɓaci. Ni annabi ne da zan san abin da ba a faɗa mini ba? Duk zaman nan Irene ta rasa bakin gaya wa mijinta, sai ke a kan faifan wake? Ba ni na tuƙa jirgin ba. Ba ma wanda ya ce wannan ne ya je garinsu.

Haka na yi ta faɗa wa kaina, har ranar sabuwar shekara wata mata ta kawo 'yan matanta biyu a ɗauke su. Na jera su a gaban bangon, na sa ido a kyamarar da na aro, sai na tuna Irene da ƙanwarta, na kasa ɗauka. Na ce musu fim ya ƙare. Tun ranar shagon a rufe yake.

Na sayi fenti fari da buroshi. Ranar Asabar zan shafe bangon, kafin ta zo babu ko alamarsa. Ki ce mata ba sai ta ba ni haƙuri ba, ta dawo kawai, a bar maganar. Gidan nan ba ya zaunuwa.

Ƙanenki,
Ernest

Nasarawa, 7 Janairu, 1987

Baban Celina,

Ina gaishe ka. Yaya ta karanta mini wasiƙarka.

Ka ce ban faɗa maka ba. Na sha farawa. Kullum sai ka ce yaƙi ya wuce, a bar maganar. Yanzu ma abin da ka ce ke nan.

Kada ka taɓa bangon nan. In ka shafe shi ba na wurin, ya zama kamar ba a yi komai ba, kuma na gaji da hakan.

Zan zo ranar Asabar da Celina. Zan nuna mata jirgin, in gaya mata sunan wa take ɗauke da shi. Kai ka zauna a benci, hannunka babu kyamara, ka ji har ƙarshe. Bayan haka ka miƙo mini buroshin, ni zan shafe.

Ko a Kakuri zan kwana ranar, ban sani ba tukuna. Ya danganta da yadda ka saurara.

Ka huta lafiya.
Irene