Innalillahin da Ya Suɓuce Mini

Alhamis da dare, Oktoba 1983, Greensboro

Garba, abokin zamana, ya ja ni kallon wani fim ɗin Jamusawa a jami'a. Wai jarida ta ce na ban dariya ne, masana sun yaba. Ina abin dariyar? Tsoho ne ya mutu, 'ya'yansa suka ɗaure gawar a saman mota. Da gawar ta faɗo kan titi, bakina ya suɓuce na ce "Innalillahi!" da ƙarfi. Sai Turawa suka fashe da dariya.

A hanya Garba ya ce, "Wallahi Malam Isa, fim ɗin suke wa dariya, ba kai ba." Amma har gida yana danne murmushi. Shi fa ya kalla tun jiya, kuma shi ya zaɓa mini kujerar gaba.