Hannun Mama Asibi

Juma'a, 28 ga Yuni, 2024

Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin Baba Bamalli. An naɗe tabarmi, kowa ya watse, zauren ba komai sai warin man ɗorinsa. Kakana ne, amma ban taɓa jin ya kira ni Siddiq ba. Kullum “ɓarawon matata”, wai ina ƙwace masa Iya Fatsuma. Shekara hamsin yana ɗorin karaya a unguwarmu Wambai. Shi ya riƙa kama yatsuna yana ɗorawa kan karaya, ya ce in rufe ido in ji ƙashi. Yanzu ba mai tsokanata a gidan nan. Ashe haka kewa take.

Litinin, 1 ga Yuli

Da yamma aka kawo Mama Asibi, mai tuwon bakin titi a Gauraka. Santsin ruwan sama ya kwashe ta, wuyan hannun dama ya karye. Na ce su wuce asibiti, mai ɗorin ya rasu, ni aikin ofis nake a Abuja. Ta ce, “Ɗana, gidan nan ya gyara ƙafar mijina. Ba inda za ni.” Da hannun nan take tuƙa tuwo, da tuwon take riƙe 'ya'ya biyar.

Na ja, na ji ƙashin ya zauna, na jera kara na ɗaure. Iya ta ce kamar shi ta gani. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, kaina ya kumbura.

Talata, 2 ga Yuli

Ƙa'idar Baba ita ce in ya yi ɗori, kwana bakwai ba ya barin gari. Kullum bayan asuba zai taka har gidan mai karaya, ya danna farce ya ga ko jini na dawowa, in wurin ya kumbura ya sassauta ɗauri. Bikin 'yar ƙaninsa a Tafa ma bai je ba saboda ƙafar wani bakanike. Mu kuwa muka yi ta yi masa dariya.

Ni motar ofis ƙarfe biyar da rabi na asuba take tashi. Ta taga na hango rumfar Mama Asibi muka wuce. Na ce gobe.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na buga waya. Binta, babbar 'yarta, ta ce Mama ba ta runtsawa, hannun zogi yake. Na ce ai haka ɗori yake, a ba ta farasitamol. Ba a danna farce ta waya. Na sani sarai.

Asabar, 6 ga Yuli

Na je. Yatsu biyu sun yi baƙi, sanyi ƙalau. Na danna, na sake dannawa, ba abin da ya dawo. Da na kwance tsumman, Binta ta kau da kai.

A asibiti likita ya ce, “Wa ya ɗaure wannan?” Mama Asibi ta kalli bango. Ni ma, tsabar rashin kunya, na kalli bangon.

Talata, 9 ga Yuli

An yanke biyun. Manuniya da na tsakiya.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na tattara karare da kwalaben man Baba na cusa a buhu. Iya na zaune tana kallo. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Sai cewa ta yi, “Hannunsa ka ɗauko, angona. Shi kuwa rabin ɗorinsa da ƙafa yake yi.”

Shekara hamsin mutumin nan bai lalata yatsa ɗaya ba. Ni kwana biyar suka ishe ni. Ko kabarinsa na kasa zuwa, in je in ce masa me? Na tsani kaina, na tsani motar biyar da rabi, wani lokacin har shi nake jin haushinsa da ya koya mini.

Laraba, 31 ga Yuli

Rumfar har yau a rufe. Binta ta ce Mama ba ta iya riƙe muciya, direbobi sun koma wajen wata. Ƙannen Binta biyu an kai su ƙauye.

Ba na iya cin tuwo.

Litinin, 12 ga Agusta

Kwana shida ke nan ina sauka a Gauraka bayan asuba. Ba wani abu ba ne, hanyata ce dama. Binta na hura wuta, ni ina tuƙi, Mama Asibi na kan benci da hannun a cikin zane. Direbobi sun samu abin dariya, ƙato da rigar ofis yana fama da tukunya. Motar ofis kam ta daina jirana, ranar Juma'a aka ba ni takardar gargaɗi.

Duk kwanakin nan ba ta amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba. Yau na kwashe tukunyar farko, ta miƙo hannun hagu ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

“Da gudaji,” ta ce. “Gobe ka zo da wuri.”

Na ce to, Mama.