Ƙorafi Kan Rigar Girkina Da Aka Rataye A Bango

Zuwa ga:
Uwargida Solvej Brandbyge,
Shugabar Kwamitin Gudanarwa,
Ƙungiyar Mazauna Gidajen Tranevang,
Silkeborg.

Daga:
Ejvind Kragelund,
Gida mai lamba 14, hawa na biyu.

Alhamis, 26 ga Oktoba, 2023

Game da: Cire sunana daga jadawalin girkin ranar Talata ba tare da an tambaye ni ba

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina lafiya ke da sauran 'yan kwamiti. Na san kina lafiyar, tunda ɗazu da safe mun haɗu a ɗakin wanki har kika sam mini garin sabulu. Sai dai ƙa'idarmu ta ce ƙorafi a rubuce ake yin sa, a jefa a akwatin da ke bakin zaure. Don haka a ɗakin wanki ke Solvej ce, a wannan takarda kuwa da Shugaba nake magana.

Ina cikin waɗanda suka fara tarewa a nan a shekarar 1991. Tun daga lokacin gidajenmu ashirin da takwas suke cin abincin yamma tare a zaure, Litinin zuwa Alhamis, kowace rana da ayarinta na masu girki. Shekara talatin da biyu ina ayarin Talata. Fashi biyu kacal na yi: makon da aka yi mini aikin gwiwa, da makon da muka binne matata Inger. A kan wannan tushe nake gabatar da koke-kokena kamar haka.

1. Ranar Talata, 3 ga Oktoba, na cika shekara saba'in da biyar. Tun da safe aka ɗaga mini tuta a tsakar gida, kamar yadda muke yi wa mai bikin ranar haihuwa, kuma na gode. Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma ina tsaye ina yanka albasa, sai ga jama'a sun cika kicin ana waƙa. Kika yi jawabi mai daɗi, wanda rabinsa gaskiya ne. Kafin in ankara, Bodil Thygesen, shugabar ayarinmu, ta zagayo ta bayana ta kwance mini rigar girki. Aka yi tafi, aka karanta Sashe na Tara na ƙa'idarmu, wanda ya ce duk wanda ya kai saba'in da biyar an sauke masa nauyin girki. Takardar sanarwarmu ta wata-wata ta rubuta cewa na karɓi karramawar da hawayen farin ciki. Ina roƙon a gyara wannan layi. Hawayen na albasa ne, murmushin kuma na yi shi ne don kada in ba mutane kunya da kek a hannunsu.

2. Ranar Alhamis, 5 ga Oktoba, na tarar da rigar an wanke ta, an goge, an sa ta cikin gilashi an rataye a bangon zaure, tsakanin hoton ranar aza harsashi da tulun kashe gobara. Ranki ya daɗe, rigar nan ba ta ƙungiya ba ce. Inger ce ta ɗinka ta, ita ta sa mata ƙaramin aljihun da nake ajiye wuƙar fere. A makon jiya matar da ta tare a lamba 22 ta zauna kusa da ni, ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sassauta murya ta tambaye ni yaushe mai rigar ya rasu. Na ce mata bai jima ba, kuma yana son ta miƙo masa gishiri.

3. Ranar Talata, 10 ga Oktoba, da ƙarfe uku na yamma, na je kicin kamar kullum. Bodil ta tare ƙofa da ludayi a hannu. Ga abin da ta faɗa, na rubuta shi tun a ranar don kada a ce na ƙara gishiri: "Kai dai Ejvind ba ka jin magana. Ka gama naka, tsoho. Je ka zauna can ka miƙe ƙafa, kofi na nan tafe." Aka zaunar da ni a kujera mai laushi kusa da na'urar ɗumama ɗaki, wani ma ya rufa mini bargo a gwiwa, alhali ban ce ina jin sanyi ba. Awa uku na yi ina leƙen su ta tagar miƙo abinci. Bodil ta girme ni a baki, amma na girme ta da wata goma sha ɗaya kawai, kuma ina so kwamiti ya lura da wannan lissafi, domin zan dawo kansa.

4. Wanda aka sa a gurbina shi ne Asger Nyrup na lamba 6. Ba ni da wani ƙulli da shi. Mutumin kirki ne, shi yake gyara mana kekuna ba ya ko gunaguni. Amma Asger ba ya fere dankali. Ya ce amfanin yana cikin ɓawo. Ranki ya daɗe, mutum sittin da ɗaya ne ke cin abincin nan, kuma na ga aƙalla ashirin suna tara ɓawon a gefen faranti cikin ladabi. Wannan ma da sauƙi. Babbar tukunyarmu tana kamu ta ɓangaren hagu, tun shekarar da ta faɗo daga kan kanta gindinta ya lotsa. Sai an riƙa juya ta ana motsa miya daga hagu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, a hannuna yake. Ranar Talata, 17 ga Oktoba, na ji ƙauri tun daga kujerata, na leƙa ta taga na ce masa ya juya tukunya. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, na duba a waya." Wayar ba ta san tukunyar ba. Aka kaɗa ƙararrawa ƙarfe shida da minti ashirin da biyar maimakon shida, jama'a suka ci dankali da ɓawonsa da miya mai ƙauri, kowa ya tashi ya ce ya gode da abinci, domin mu mutane ne masu kara. Don adalci zan ƙara da cewa kifin da ya gasa ranar 24 ga wata ya fi nawa. Na faɗa masa, kuma ban ji daɗin faɗar ba.

5. Kada kwamiti ya ɗauka miya ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. A teburin cin abinci, tsoho irina gaishe shi ake yi. A ɗaga murya a tambaye shi gwiwa, a ce ruwa ya yi yawa bana, a juya ga na kusa. A kicin kuwa ba mai gaishe ni. Cewa ake yi in matsa, in rage gishiri, in daina waƙa. A bakin wurin wanke-wanke nake jin wanda zai canja aiki, da wadda ta yi faɗa da mijinta, da wanda ya sake barin kayan wanki a inji kwana biyu. Labarin cewa 'yar Bodil ta haihu, a allon sanarwa na karanta shi kamar baƙo. Tun da Inger ta tafi shekara huɗu ke nan, Talata ce ranar da nake aske gemu ba don kowa ya tuna mini ba, domin ita ce ranar da in ban zo ba wani abu zai tsaya. Yanzu in na kwana biyu ban sauko ba, za a hau a duba ni, na sani, kuma na gode. Amma dubiya daban, a jira mutum daban. Ina kewar a yi mini tsawa, kuma ban ji kunyar rubuta haka ba.

6. Saura abin da na fi jinkirin rubutawa. Idan aka buɗe littafin taro na ranar Lahadi, 4 ga Maris, 2001, za a ga sunan wanda ya kawo shawarar Sashe na Tara. Ni ne. Ina da shekara hamsin da biyu, ina ji da ƙarfi, ina ganin kaina mai tausayi. Na yi shi ne don Ragnhild Bjerre ta lamba 3, wadda ke ayarin Alhamis, domin na ga hannunta na rawa in tana ɗaukar tire. Ban tambaye ta ba. Na tambayi kowa ban da ita. Da aka zo ɗaga kati kamar yadda muka saba, kore ga wanda ya yarda, ja ga wanda ya ƙi, zaure duk ya yi kore. Katin Ragnhild ne ya tashi a ƙarshe, bai ma wuce kafaɗarta ba. Na ɗauka rawar hannun ce. Daga nan duk Alhamis tana zuwa tun ƙarfe uku ta zauna kusa da tagar miƙo abinci, ni kuma in na wuce sai in ce mata ta sha hutunta, ina jiran godiya. Ba ta taɓa yi ba, har na riƙa ce mata mai taurin kai a raina. Shekara uku ta yi a kujerar nan kafin ta rasu. Ni mako uku na yi, ga shi har na cika takarda.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

Na farko, a sa Sashe na Tara a jerin abin da za a tattauna a taron ranar Lahadi, 5 ga Nuwamba, a gyara shi ta yadda ba za a sauke wa kowa girki ba sai shi da bakinsa ya nema. Mai son hutu ya huta, ba na hana kowa. Ina tunatar da kwamiti cewa watan Satumba mai zuwa Bodil ce za ta cika saba'in da biyar, kuma duk wanda ya yi niyyar kwance mata riga ta baya, ina ba shi shawara ya fara karɓe ludayin.

Na biyu, a sauko mini da rigata. Gilashin a bar wa ƙungiya, zai yi amfani.

Na uku, kafin taron, a ba ni izinin wucin gadi in shiga kicin ranar Talata, 31 ga Oktoba. Ba na neman a cire Asger. Shi ya riƙe kifi, ni in tsaya a kan tukunya, maganar ɓawo kuma mu sasanta a tsakaninmu.

Na huɗu, idan an gyara sashen, a rubuta a littafin taro cewa wanda ya kawo shi tun farko ya yi kuskure, a sa sunana cikakke, a sa na Ragnhild Bjerre a gefensa. Ba ta da 'ya'yan da zan je in ba haƙuri, kuma littafin nan ne kaɗai wurin da ya rage mu biyu muke tare.

Ina jiran amsarki a rubuce, ko da za mu haɗu a matattakala kafin nan. Ki huta lafiya, tare da dukkan ladabi da biyayyar da suka kamaci ofishinki.

Naki mai biyayya,

Ejvind Kragelund
Lamba 14, ɗan ayarin Talata