Inda Inna Take Kallo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramin, haƙoran sun gama fitowa?

Na'urar da kika aiko ta iso. Mai jinya ta taya ni kafa ta a ƙafar gadon Inna. Allo ne mai ƙaramar kyamara, tana ɗaukar hoton ido, ta kintaci inda mutum yake kallo. Tunda shanyewar jiki ta ɗauke wa Inna magana, sai yau na ji kamar mun yi hira. Ta kalli hoton kofi, na'urar ta ce ruwa. Na kawo, ta sha.

Likita ya ce kada ta ƙara kwana ita kaɗai, shi ya sa na raba allon biyu: hagu hoton ɗakinta, dama hoton gidana. Duk sanda na tambaye ta inda take so ta zauna, dama take kallo. Matata har ta share ɗakin baƙi, ni kuma na fara ɗaure kaya.

Amma kin san halina. Innar da take cewa gidana tashar mota ne saboda hayaniya, ita ce yau za ta zaɓe shi? Zuciyata ba ta kwanta ba.

A gaida kowa.
Yayanki

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kada ki yi mini dariya.

Jiya mai jinya ta tsokane ni, wai kullum ina tsaye wuri ɗaya kamar fitilar titi. Gaskiyarta. Soket ɗin ɗakin yana da sako-sako, don haka nake tsayawa bayan allon ta dama, ina riƙe da wayar wutar na'urar don kada ta zare. Sai na koma hagu na sake tambaya. Na'urar ta ce ɗakinta. Na dawo dama, ta ce gidana. Auta, ashe Inna ba hoton take kallo ba, ni take kallo. Na'urar ta san gefen da ido ya nufa, ba ta san inda ya tsaya ba.

Na manne wayar da salatif, na fita baranda, na bar mai jinya ta tambaye ta daga bayan gado. Ɗakinta ta zaɓa, kuma ta daɗe ba ta ɗauke ido ba.

Na ji ɗan ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Saura ƙiris in kwashe ta daga ɗakin da ta haife mu, ina cewa ita ta nema.

Na kwance kayan, na maida komai mazauninsa. Yau zan kawo katifata nan. Matata ta ce Allah ya ba Inna haƙurin munsharina, ita kam ta huta.

Ki kira ranar hutu, zan juyo miki fuskarta.

Naki har kullum,
Yayanki