Wanda Zai Ba Da Auren Khadija

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga ƙanena Inuwa a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwata da ta sa ni sallah a zaune, matata Kulu kuma tana shan maganin hawan jini. Malam Ishaku maƙwabcina ne yake rubuta mini wannan, na hana shi gyara mini magana. Ban buga maka waya ba don na san halina, kafin ka gama sallama na fara ihu.

Shekara tara ina riƙe da kai a zuciya. Ka aurar da 'yarka Fatima ina raye, ni yayanka uwa ɗaya uba ɗaya, ka ɗauko abokin sana'arka ya zama waliyyi. Ni sai goro da alawa aka aiko mini a leda. A gidanmu wa ya taɓa yin haka? Ranar na rantse idan auren 'yata Khadija ya zo, gara in tsayar da mai shayin bakin titi ya ba da ita da in neme ka.

To, auren ya zo. An sa rana, Juma'ar farko bayan babbar sallah. Da na faɗa wa Kulu shirina, sai ta ajiye tsintsiya ta ce ta gaji da ni. Ta tambaye ni ko na manta abin da na yi a ɗaurin auren babbar 'yarka Hafsat a Darmanawa, lokacin kana Kano, da ka ba ni waliccin. Wai a gaban liman da jama'a na ce ban taɓa zaton za mu haɗa zuri'a da mahauta ba. Na ce mata wasa ne. Ta ce wasan nan Hafsat ta sha gori a kansa wajen dangin miji har ta haihu biyu, kai kuma sai da ka je ka durƙusa wa surukinka Alhaji Auwalu. Ta ƙara da cewa ko a masallacin unguwa mutane gajarta gaisuwa suke yi da ni don tsoron bakina.

Kwana uku ban ci tuwonta ba. A na huɗu na tambayi Malam Ishaku, ina jiran ya ƙaryata ta. Ya ce gaskiya ta faɗa, shi ma don shekara ashirin da muka yi katanga ɗaya yake jure ni.

Inuwa, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Dukanku kun san dalilin da ya sa ka tsallake ni a auren Fatima, kuka zuba mini ido ina yawo ina ba mutane labarin ƙanena ya wulakanta ni, ashe dariya ake yi mini. Kai ba ka da baki ne? Ko zagina ka yi a lokacin, da ya fi mini shirun nan.

Ranar Talata na hau adaidaita na je Darmanawa. Ni Garba, da furfurata, na tsaya a ƙofar gidan Alhaji Auwalu na ce masa na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, har ya sa aka kawo mini tsire. Na ci. Na roƙi Hafsat ita ma, ta yi ta kuka. Ba zan ce maka na zama wani mutum dabam ba, jiya ma na yi wa mai ruwa tsawa. Sai dai yanzu ina jin abin da ke fita daga bakina.

Saboda haka na karya rantsuwata, na yi kaffara. Kai za ka ba da auren Khadija, ban shirya kowa ba, kuma ba zan shirya ba. Idan ba ka zo ba, a gaban jama'a za a tambayi waliyyi a ga babu, kunyar kuma a kan yarinyar za ta sauka.

Ka gaishe da matarka Zainabu, da Kabiru da Mubarak, da Fatima da mijinta da ban taɓa gani ba. Kulu tana gaishe ku.

Direban da ya kawo maka takardar nan zai juyo tashar Unguwa Uku ranar Asabar. Ka ba shi amsa ta fatar baki ko a rubuce: za ka zo, ko ba za ka zo ba? Kada ya dawo mini hannu rabbana.

Ni ne yayanka,
Garba.